Regla da Iskar Gabas

Ranar da hannun Babanmu ya saki sanda a cikin tafasasshen mai, Regla tamu tana can San Fernando tana auna wa tsofaffi shinkafa a kan sikeli. Ita ce autarmu. Shekara goma sha tara tana girki a gidan kula da tsofaffi, jirgin ƙasan safe ya kai ta, na yamma ya dawo da ita garinmu Cádiz. A can komai da awo ake yi, gishiri giram kaza, mai cokali kaza, don wannan yana da hawan jini, wancan yana da ciwon suga. Ta saba har ta kai ko ƙwai za ta dafa a gidanta sai ta duba agogo. Mijinta Nono ya ce shi kaɗai ne a gidan ba a taɓa ɗorawa a sikeli ba, shi ma don sikelin ƙarami ne.

Aka buga mata waya aka ce mai ya fallatsar wa Baba a hannu. Ko hular girki ba ta cire ba, ta hau jirgi.

Ƙunar ba ta yi muni ba. Amma likita ya faɗi abin da kowa ya daɗe da gani ya yi shiru: hannun dama yana rawa, kuma ba dainawa zai yi ba. Baba Servando yana da shekara saba'in da huɗu a lokacin, arba'in da shida daga ciki a tsaye ya yi su gaban kasko. Shagon ɗan ƙarami ne, a lungun bayan kasuwar kifi. Teburi biyar, injin gahawa, sai kaskon churro, wato soyayyen ƙullun fulawa, a gefen taga. Ƙanwarsa, gwaggonmu Tita Milagros, ita ke riƙe da gahawa da gashin burodi tun rasuwar Mama. Shi kuwa nasa ƙullu da mai. Fulawa, ruwan zafi, gishiri, shi ke nan. Ya cusa ƙullun a bututun ƙarfe, ya danna da ƙirji, siririn zare ya zubo cikin mai, yana bin sa da dogayen sanduna biyu yana naɗewa yana naɗewa har ya zama faifai guda. Ya ɗaga, ya tsane, ya daddatse da almakashi. Mai tafiya ya karɓi nasa ta taga a ƙunshin takarda, mai zama ya tsoma nasa a gahawa da madara.

Mu manyan biyu ba wanda ya gada. Ɗaya tun yana ɗan sha biyu ya faɗa kasuwar kifi, Baba ya ce hannu mai ƙarni ba zai taɓa masa ƙullu ba. Ɗayar ta auri ɗan Bilbao ta tafi. Ga kuma wani mutumin Sevilla da ya yi shekara biyu yana zarya, yana son a ba shi shagon ya riƙa sayar da askirim ga baƙin da ke sauka daga manyan jiragen ruwa. Kullum Baba korarsa yake. Wannan karon ya ce a nemo masa lambar wayarsa.

Regla ta tsaya a kansa yana zaune da hannu a naɗe.

"Ka ba ni shagon."

"Ke?" Ya dube ta tun daga sama har ƙasa. "Ke da kike dama wa marasa haƙori fate?"

"Rabin masu zama a teburanka ma ba su da haƙori, Baba."

"Gara a ce shagon Servando ya rufe da a ce shagon Servando ya lalace."

"Ka ba ni wata ɗaya."

Tita Milagros tana goge tambulan ta ce, "Ka ba ta mana. Kai da aka ba ka, me ka iya? Faifanka na farko ko kare sai da ya sunsuna ya wuce."

Baba ya nuna teburin bakin ƙofa da haɓa. "Zuwa ƙarshen Satumba. In mutanen can suka ci naki kamar yadda suke cin nawa, makulli naki ne. In ba haka ba, in sa wa mutumin Sevilla hannu, kuma kar wanda ya yi min kuka."

Mutanen teburin bakin ƙofa su ne masu zuwa da fari. Akwai Amparo mai kifi, wadda ke shigowa bakwai da kwata bayan ta gama jera kifinta a kan ƙanƙara, takalmin roba yana ɗigar ruwa, muryarta kuwa tana riga ta shigowa. Akwai Evaristo, wanda ake ce wa Don Evaristo don girmamawa, tsohon mai walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, kullum da jarida a ninke a hammata. Shi sai ya fara da rabin burodi da man zaitun da tumatir, sannan churro guda biyar, ba huɗu ba, ba shida ba. Sauran kujerun biyu na masu sharar titi ne. Shekara talatin suna karya kumallo a wannan teburin, ba wanda ya taɓa cewa abin ya yi daɗi. Sai dai in bai yi ba ka ji.

Regla ta ajiye aikin San Fernando, ba ta ma ce hutu za ta ɗauka ba. Abin da ta fara yi shi ne wanka ga ɗakin girkin. Ta kankare bango, ta sauya tsummoki, ta fitar da tarkacen shekara arba'in. Akwai wani tsohon kwanon ƙasa mai ɓallin baki da ke zaune a kan taga a buɗe, da gishiri a ciki, ƙura na shiga, ƙuda na leƙawa. Ta ce a inda ta fito da an ga wannan da an rufe gidan. Ta jefa shi shara, ta sayo roba mai murfi mai kamawa gam, ta cika da gishiri ta ɗora a kan kantar shagon.

Amma kafin nan ta riga ta yi wa Baba wayo. Kwana huɗu ta sa shi yana kwaɓawa da hannun hagu, ita tana auna duk abin da ya ɗiba. Fulawa kilo kaza, ruwa lita kaza, gishiri giram kaza. Kwana huɗun nan duk lissafin ɗaya ya fito, ba ƙari ba ragi. Ta rubuta a ɗan littafi.

"Kin ga?" in ji Baba. "Na gaya miki ba wani sirri. Abu ɗaya nake yi kullum tun ba a haife ki ba."

Sanduna ne suka fi ba ta wuya. Faifan farko ya fito kamar igiyar da kyanwa ta yi wasa da ita. Mai ya yi mata zane har uku a damtse. Amma Regla in ta sa abu a gaba, sai dai abin ya gaji. Da rana in an rufe, sai ta tsaya ita kaɗai tana naɗa igiyar shanya a cikin baho da sandunan. Cikin mako guda faifanta ya zagaye tsaf. Ranar da ta fara kai wa teburin ƙofa nata, suka ci suna gardamar ƙwallo, ba wanda ya ɗago. Haka gobe, haka jibi. Mako biyu cur. Baba yana zaune a kusurwa kamar wanda aka ƙwace wa kujera a coci, amma an ga ya daina ambaton mutumin Sevilla. Mu kam har mun fara taya Nono murna.

Duk makonnin nan iskar yamma ke kaɗawa, mai sanyi, mai laima, wadda ke zuwa daga teku. Ranar Talatar makon ƙarshe sai iskar gabas ta sauka. Kowa a nan ya san ta: zafi, bushewa, ƙofofi na bugawa, yashin bakin teku har cikin kunne, shanya ta bushe kafin ka gama rataye ta ƙarshe, mutane su yi ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Regla ta auna kamar kullum. Tun wajen dannawa ta ji bututun yana gardama, sai da ta sa duka ƙarfinta. Faifan ya fito duhu, jikinsa a tsattsage. Ta ce ko man ne ya yi zafi da yawa, ta rage wuta, ta kai.

Amparo ta gatsa sau ɗaya ta tsaya. Ta zaro guntun daga baki ta duba shi kamar ta tsinci ƙusa.

"Ke 'yar Servando! Zo nan."

"Gani, Doña Amparo."

"Wannan na ci ne ko na ɗaure jirgi? Faɗa min, don ƙanena yana neman igiya."

Masu shara suka tuntsire da dariya. Don Evaristo bai yi dariya ba. Ya tsoma nasa a gahawa, ya ƙirga har goma a fili, ya ciro, ya gwada, ya ajiye.

"Yarinya," ya ce, "na yi shekara talatin ina haɗa ƙarfe da ƙarfe. Da na san da wannan da ban sha wahala ba."

Ya ci biyu cikin biyar. Amparo ta tura farantin gefe ta ce wa Tita a gasa mata burodi da jan kitse. A shekara talatin ba ta taɓa cin burodi a shagon nan ba.

Laraba Regla ta sauya buhun fulawa. Duk ɗaya. Ta sauya mai. Duk ɗaya. Ta duba sikeli ko ya lalace, lafiyarsa lau. Layin taga da ke kaiwa kwanar kasuwa ya dawo mutum uku, su ma baƙi ne da ba su san bambanci ba. Bayan an rufe ta tare Baba.

"Me kake sauyawa in iskar nan ta zo?"

"Ba na sauya komai."

"Baba, ka tuna dai."

"In tuna me? Ai kin auna da hannunki. Iska tana waje, ƙullu yana ciki. Hannunki ne bai iya ba, ki bar ɗora wa iska."

Ba ƙarya yake yi ba. Har zuciyarsa haka ya yarda.

Ranar Alhamis ya ce ta matsa, shi zai kwaɓa, ita ta soya, don a san inda laifin yake. Ya ɗaura ƙyallensa na aiki a ƙugu. Ya miƙa hannu wajen taga, ya tarar ba komai, ya tsaya sororo. Regla ta buɗe robar ta miƙa masa. Ya sa yatsu a gishirin, ya murza, ya cire. Ya sake mayarwa ya murza, fuskarsa kamar wanda ya yi sallama ba a amsa ba. Sannan ya ɗiba, ya zuba ruwa, daidai da abin da ke littafinta, ya kwaɓa.

Ta soya. Ya fito da tauri, jikinsa a tsattsage, kamar nata.

Baba ya karya guntu ya tauna. Ya daɗe yana taunawa. Sannan ya kwance ƙyallen ya rataye a ƙusa, ya je wajen waya. Duk shagon aka ji shi yana ce wa mutumin Sevilla ya zo ranar Asabar ƙarfe goma da takardunsa.

"Watan bai ƙare ba," in ji Regla.

"Asabar ai talatin ga wata ce. Ni da na koya miki ma na manta, me ya rage?"

Da rana, wajen ƙarfe biyu, ana tashi daga kasuwa, Regla ta shiga sayen kifin abincin rana. Ba ta so ta bi ta gaban Amparo ba, amma Amparo ta hango ta.

"Mai igiya! Zo ki rage min sauran nan, kar in zubar."

Tana magana tana yayyafa wa kifin ruwa da hannu, tana lulluɓe su da jiƙaƙƙen tsumma.

"Dubi abin da iskar nan ke min. Tun ƙarfe tara fatarsu ke yamushewa kamar wuyana. Ba abin da ta bari. Taɓa buhun gishirin can ki ji. Makon jiya sai da guduma nake fasa shi, yau zuba yake kamar yashi."

Regla ta sa hannu a buhun don dai kar ta yi musu. Gishirin ya zube ta tsakanin yatsunta, ko ƙwaya ɗaya bai manne ba. Ta tsaya da hannun a ciki. Nata na cikin roba da safen nan a dunƙule yake, da ɗan danshi, kamar ranar da ta zuba shi ta rufe. Sai hannun Baba ya faɗo mata, yadda ya shiga ya fita ya sake shiga. Ta ɗago kai, sai ga kwanon ƙasa mai ɓallin baki a gefen kifin Amparo, an cika shi da lemon tsami.

"Doña Amparo, kwanon nan na Baba ne."

"Wane Baba? A shara na tsince shi. Abin da aka zubar ya zama na mai rabo."

"Aronsa nake so."

"Ki fara mayar min da haƙorin da kika girgiza ranar Talata."

"In bai yi amfani ba, Asabar da yamma zan dawo miki da shi, har da lemon. Lokacin ma ba shagon."

Amparo ta daina yayyafin. "Da gaske tsohon zai ba wa mai askirim?"

"Ƙarfe goma."

Ta juye lemon a cikin bokiti, ta goge kwanon da gefen rigarta, ta miƙa mata. "Ni zan ci askirim da safe? Ɗauki, tafi. Kuma kuɗin kifin nan ba ragi."

Regla ta wanke kwanon, ta shanya, ta zuba masa gishiri, ta mayar da shi kan taga a buɗe, inda yake a da. Ba ta gaya wa kowa ba.

Juma'a da sassafe ta roƙi Baba ya sake kwaɓawa sau ɗaya. Ya ce shi ya gama. Tita Milagros ta buga tambulan a kan kantar shagon.

"Tashi ka kwaɓa, Servando. Tsufa ne ya kama ka, ba mutuwa ba. Ko ka fi so a ce faifanka na ƙarshe shi ne na jiya?"

Ya tashi yana ƙunƙuni. Regla ta riga ta auna butar ruwan zafi da abin da ke cikinta, ta ja gefe tana yi kamar tana yanka takarda. Baba yana cikin mita a kan ƙanwarsa, hannunsa ya tafi taga shi kaɗai. Ko kallon kwanon bai yi ba, bai ma lura ya dawo ba. Yatsu suka shiga, suka murza sau ɗaya, suka fito. Ya zuba gishiri. Ya ɗauki buta ya zuba ruwa har inda ya saba, ya tsaya, sai hannun ya sake karkatawa ya ƙara. Ya kwaɓa. Da ya gama, ya ɗauki tsumman rufe ƙullu, wanda kullum a bushe yake shimfiɗa shi, ya tsoma a ruwa ya matse, sannan ya rufe. Duk wannan yana ta ba da labarin yadda Milagros ta ƙona madara a bikin wani ɗan'uwanmu Chano.

Ƙullun ya bi bututu sumul. Faifan ya taso ja-ja-ja, waje ƙaras, ciki laushi. Teburin ƙofa ya cinye ba wanda ya ce uffan.

Regla ta ɗora butar a sikeli. "Baba, ka ƙara ruwa. Tambulan ɗaya da rabi."

"Ban ƙara komai ba."

"Ga sikeli."

"Sikelinki ne ke da ciwo."

"Ka kuma jiƙa tsumma."

"A jiƙe na same shi."

"Gishirin ne ke gaya maka, Baba. In ya zuba, ka ƙara. In ya dunƙule, ka bari. Shekara arba'in da shida kana tambayar kwanon nan ba ka sani ba."

Baba ya dubi taga, sai a lokacin ya ga kwanon. Ya dube shi, ya dubi hannunsa. Aka ɗauka zai yi dariya. Ina!

"To ko da haka ne," ya ce, "nawa ne ya yi, ba naki ba. Magana tana nan. Gobe ke za ki kwaɓa, ni ko ƙofar ɗakin girkin ba zan leƙa ba."

Regla ta buɗe ɗan littafinta ta rubuta sabon awo a ƙarƙashin na da, ta sa masa suna gabas. Ta kwana da kwanciyar hankali, tana da lissafi biyu, ɗaya na kowace iska.

Asabar ta fito gida ta tarar gari tsit. Iskar gabas ta faɗi, ta yamma ba ta iso ba. Tutocin da ke kan rufin kasuwa a rataye suke kamar wanki. Ta buɗe shago, ta kunna wuta ƙarƙashin ruwa, ta sa yatsu a kwanon. Gishirin bai zuba ba, bai kuma dunƙule ba. Ya ɗan kama yatsa, ta girgiza, ya faɗi. Ta buɗe littafin: layi biyu, ba wanda ya dace da yau.

Ta leƙa. Baba yana teburin ƙofa ya juya mata baya. Ko da ta tambaye shi ma, abin da zai ce ta sani. Tita Milagros ta dube ta, ta ɗaga kafaɗa, ta ci gaba da yanka burodi.

Regla ta rufe littafin ta sa a aljihu. Ta sake murza gishirin, a hankali wannan karon, ido a rufe. Ta zuba ruwa har awon farko. Ta karkata butar, ruwan na sauka, tana juya muciya tana jin yadda ƙullun ke sakin hannu. Daga baya ta ce ba ta san dalilin da ya sa ta tsaya a inda ta tsaya ba, hannun ne ya ɗago. Butar ma ba ta auna ba, a karon farko a rayuwarta. Tsumman kuwa ta yayyafa masa ruwa kawai, ba ta tsoma ba.

Bakwai da kwata muryar Amparo ta shigo, sannan ita. Tana faɗan mai kawo ƙanƙara da ya makara. Don Evaristo ya gama burodinsa, ya buɗe jarida. Tita ta jera tambulan huɗu na gahawa, ta ajiye farantin a tsakiya. Regla tana gaban kasko, sanduna a hannu, kunnenta duk yana can.

Amparo ta ɗauka, ta tsoma, ta ci, ta ci gaba da zagin mai ƙanƙara. Daga shi ta koma kan surukinta. Masu shara suna musu a kan wanda zai ɗauki layin bayan coci. Hannaye suna zuwa suna dawowa. Don Evaristo ya ci biyar ɗinsa ya lashe yatsa, ya ninke jarida, ya dubi Baba.

"Ka dawo hayyacinka, Servando. Na jiya ya yi, amma na yau ya fi. Da ma ka bar wa yarinyar gahawa, kai ka riƙe ƙullunka."

Baba ya dubi farantin. Guda ɗaya ya rage a faranti, Amparo ta kai hannu, ya riga ta. Ya karya shi biyu, ya duba cikin, ya kai kunne ya matsa ya ji ƙarar, sannan ya ci.

"Kai ɓarawon tsoho, nawa ne!" in ji Amparo. "Milagros, a ƙaro rabin faifai, a sa a kansa."

"Ba ni na kwaɓa ba," in ji Baba.

"Me?" Don Evaristo ya karkato kunnen da ke ji.

"Na ce ba ni na kwaɓa ba. Tun da na zo ina zaune a nan, ba ka gan ni ba?"

Don Evaristo ya cire tabarau, ya juya ya dubi Regla. Ita ko waiwaye ba ta yi ba, faifai na kan wuta, in ta ɗauke ido ya ƙone. Kunnuwanta ne kawai suka yi ja. Kai, jama'a! Regla tamu ke nan.

Ƙarfe goma daidai mutumin Sevilla ya shigo, da kwat da jaka, yana share gumi. Sai da ya ratsa layin taga kafin ya samu ƙofa. Ya gaida Baba da hannu biyu, ya zaro takardu ya shimfiɗa a kan teburin da ke da ɗigon gahawa, ya ciro alƙalami.

"Don Servando, nan da nan kawai za ka sa hannu."

"A kan me?"

"Shagon mana. Kamar yadda muka yi a waya."

Baba ya laluba aljihun wandonsa, ya ciro makulli mai jan zare. Ya ba Tita Milagros, ita ta kai ta zura a aljihun rigar aikin Regla, don hannayenta biyu duk a cike suke.

"Ka yi haƙuri, ka sha hanya," in ji Baba. "Ni ba ni da shago. Ga mai shi can, tambaye ta."

Mutumin ya je bakin ɗakin girki ya fara bayani, da "Señora", wato uwargida, da komai. Regla ta ɗaga faifan, ta tsane, ta kama almakashi.

"Ba na ba da haya, ba na sayarwa," ta ce. "Za ka ci ne, ko za ka ba wani kujerar? Akwai masu jira."

Ya tsaya da alƙalami a hannu, ya dubi Baba, Baba yana kallon titi. Ya mayar da takardun jaka, ya zauna, ya ce a ba shi gahawa da madara kaɗan. Ya ci rabin faranti, ya sa aka ƙunsa masa wani ya tafi wa matarsa da shi. Regla ba ta ga fitarsa ba. Wata tsohuwa a taga tana ce mata nata kar a soya ya yi ja da yawa, kuma a ba ta daga tsakiyar faifan, don jikanta ba ya son bakin.